Shaidar Mai Wanki

An sake cin mu ranar Lahadi, uku da nema.
Karo na bakwai ke nan a jere.
Bayan magariba teburin shayin Bakari ya cika,
can gefen hanyar da ke gangarawa gadar Binuwai,
kowa da tasa wuƙar, abin fiɗar kuwa ɗaya:
Kadojin Garwa, da suka manta hanyar raga.

Sali ɗan acaɓa ya ce koci ne.
"Mutumin da zai zaunar da ɗan gaba a benci
ya tura ɗan baya neman ci,
ko akuyata ba na ba shi kiwo."
Malam Dairu ya kurɓa, ya ajiye kofi a hankali.
"Ku ƙyale koci. Tukunya kaɗai ba ta yin miya.
Shugaba ya sayar da Yerima ga mutanen Duwala,
ina kuɗin? Mun dai ga sabon fenti a gidansa,
mun ga ɗan ƙanwarsa sanye da lamba tara,
yaron da ƙwallo ke gudu in ta hango shi."

Wani ya ce a kori gola, hannunsa rariya ne.
Wani ya ce wata huɗu ba albashi,
da dare dakon auduga yake yi a tasha,
da wace kafaɗa zai tashi sama?
Abbo, da bai taɓa biyan kuɗin ƙofa ba,
ta kan katanga yake kallo,
shi ya fi kowa amo: a rushe duka, a sake zubi.

Ina gefe da kofina. Ba wanda ya tambaye ni.
Ni ke wanke rigunan.

Duk Litinin nake kwance ƙunshin a bakin kogi,
kuma riga ba ta iya ƙarya ba.
Lamba tara da ƙamshin turarenta take zuwa,
ba ta cin sabulu, ɗauraya ce kawai.
Lamba huɗu, ta Hamajoda da suka ce ya tsufa,
wanda Sali ya rantse shi za a fara sallama,
gishirin gumi ya yi mata fari fat a baya,
sai na jiƙa ta tun hantsi,
sau biyu na ɗinke mata hammata da zarena.
Safar gola ta huje a yatsa uku,
ya cusa tsumma, bai faɗa wa kowa ba.

Makon jiya, a aljihun wandon koci,
na tsinci takarda ta jiƙe:
sunaye sha ɗaya da baƙin biro,
an soke uku da ja, an rubuta wasu a sama,
kuma jan rubutun ba hannunsa ba ne.
Na shanya ta bisa dutse, na danne da tsakuwa,
ta bushe, na mayar inda na same ta.

Ni ma ina bin su kuɗin sabulu,
jaka goma sha biyu, tun kafin damina.

Sali ya buga tebur, suga ya zube.
Ya ce shi da fili har abada,
kamar yadda ya faɗa wancan makon.
Aka yi shiru, sai kukan butar Bakari.
Can ya ce, "Asabar da wa za mu kara?"
"Marwa."
"Ƙarfe nawa?"

Na biya shayina, na kama hanyar gida.
Gawayi na jira, dutsen guga na jira.
In na gama ninkewa,
lamba huɗu nake ɗorawa a sama.